Ranar da Luke Ya Zagaya da Gwaggo

Tun da sassafe Luke ya wanke motarsa sau biyu, har da tayoyi. Direbobin tashar Funtua suka yi ta yi masa tsiya, wai ko gwamna zai ɗauko.

Abin ya fi gwamna. Shekara biyu ke nan yana neman Salama, 'yar wani manomi a Ƙarfi, mahaifinta kuwa ya ce shi ba shi da ta cewa sai yayarsa ta yarda. Gwaggo Atu ke nan, tsohuwar shugabar firamare da ke zaune a Jos, wadda ta riga ta sallami manema biyu. Ita ba ta aika a yi mata bincike. Da ƙafarta take zuwa ta ga mutum, shi bai san ita ce ba. Salama ta tsegunta masa a waya cewa ranar Asabar Gwaggo za ta sauka a Funtua. Hoto kam ta ƙi turowa, wai tsegumin ma ya isa ya ja mata faɗa.

Wajen ƙarfe tara wata mata ta sauko daga motar Zariya, da tabarau da jaka mai sheƙi da ɗan littafi a hannu. Ta tambaya ko akwai direban da zai zagaya da ita wuraren da suka cancanci gani, daga nan har Malumfashi. Luke bai bari ta rufe baki ba. Ya buɗe mata ƙofar gaba har da rusunawa.

Yana shirin tayar da mota sai ga wata tsohuwa da silifas da ƙaramin buhun dankalin turawa, wai Ƙarfi za ta. Da wata rana ce da ya nuna mata motar layi. Yau kuwa ana kallonsa, sai ya ɗauki buhun da hannu bibbiyu, ya zaunar da ita a baya, ya ce in dai ba ta gaggawa, kyauta zai kai ta.

Suka fara da Dutsen Funtua. Luke, wanda tun yana firamare bai sake hawansa ba, ya ce daga ƙololuwarsa ana hango fitilun Kano. Mai tabarau ta rubuta. Tsohuwa ta yi tari.

A madatsar ruwa ta Mairuwa abin ya ƙara gaba. Ya ce akwai wani kifi a ciki da ya haura shekara ɗari, masunta sai sun gaishe shi kafin su jefa koma. Mai tabarau ta rubuta wannan ma, ta sauka bakin ruwa ɗaukar hoto.

Tana ba da baya Luke ya zube a kujera, ya ɓalle maɓallin wuya, ya jawo kwanon ɗanwaken da ya ɓoye a ƙarƙashin kujera. Ya miƙa wa tsohuwa cokali ɗayan da yake da shi.

"Iya, sa hannu. Waccan da kike gani gwaggon yarinyar da nake so ce, jarrabawa take yi mini. An ce don tsananinta har malamai ɓuya suke yi."

"To, shi kifin fa?"

"Wane kifi, Iya? Yanzun nan na ƙirƙiro shi."

"In ta hana ka yarinyar fa?"

Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda ya yini yana rufewa da surutu.

"Sai in ci gaba da kai wa babanta masara kasuwa yadda na saba. Ai su ba su yi mini laifi ba. Amma gaskiya, Iya, ban san yadda zan yi da raina ba."

Tsohuwa ta zaro wani jan biro daga gefen ɗankwalinta, ta sosa kai da shi, ta mayar.

Daga nan suka bi ta Bakori, gonakin masara da auduga hagu da dama, Luke yana raɗa wa kowane tudu tarihi. A kasuwar Malumfashi mai tabarau ta shige layin masu tabarmi. Da ya waiwaya sai ya ga tsohuwa ta yi barci, kanta yana jingine da gilashi mai zafi. Ya cire sabuwar rigarsa ta sama, wadda ya ɗinka musamman don wannan rana, ya ninke, ya sa mata a ƙarƙashin kai, ya gyara mota zuwa inuwa. Ya ɗan ji haushi cewa ba a gaban mai tabarau ya yi wannan ba, wato Gwaggo ba ta gani ba.

Da la'asar ya ce saura wuri guda, wanda ya fi duka. Ya miƙi hanyar Ƙarfi yana murmushi. So yake ya ajiye Gwaggo a ƙofar gidan ƙanenta, ta san tun safe ya gano ta.

Ya tsaya, ya zagayo da sauri, ya buɗe ƙofar gaba, ya rusuna. Mai tabarau ta leƙa gidan ƙasa da rumbuna biyu, ta buɗe littafinta.

"Malam direba, nan kuma wane wurin tarihi ne? In sa shi a shafina na masu yawon buɗe ido."

Sai ga Salama ta fito a guje. Ta wuce Luke, ta wuce mai tabarau ko kallo babu, ta fizge ƙofar baya. Tsohuwa ta sauko a hankali, ta miƙa wa Luke rigarsa, ta zaro jan biron nan ta nuna shi da shi.

"A tarihi sifili ya ci," in ji Gwaggo Atu. "Amma je ki gaya wa babanki, na ce a ba shi."