Jawabin Uban Amarya

Wani ne ya yi wannan aika-aikar, kuma da gangan ya yi. Wani ne ya zauna a ofis mai sanyi, ya ɗauki kwamfutar cinya da kowa ke iya kwancewa da sukudireba, ya matse ta, ya cika cikinta da gam, ya toshe duk wata kafa da ake soka waya, sannan ya ce wa duniya ci gaba ne. Ba a san sunansa ba. Amma Lyle Brandvold, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwan birnin Duluth na Amurka, ya zage shi har ya zagi malamin da ya koya masa lissafi.

Safiyar Alhamis ɗin nan Lyle na kan kujerarsa ta bakin taga, inda yake kullum, tsohuwar kwamfutarsa na kan ɗan teburin da ke gabansa. Baƙa ce, mai kauri kamar bulo, fankarta na gurnani. Ta taɓa faɗowa daga bene ta tashi. An taɓa ɓarar da ruwan kofi a kanta, aka kife ta, ta bushe ta ci gaba da aiki. Yanzu kafar cajarta ce ta saki. Sai an karkata wayar an tokare ta da gwangwanin wake take shan wuta, kuma tun jiya dabarar ta fara ƙin ci.

Jibi Asabar ne auren Marcy, 'yarsa tilo. Jawabin uban amarya yana cikin wannan baƙar abar, kuma Lyle ya kafe: da ita zai yi shi, ko kuma a nemi wani uban.

Curtis, angon, ya sayo masa sabuwa. Siririya, ruwan azurfa, in iska ta kaɗa sai ka riƙe ta. Ba ta da inda wayar Lyle za ta shiga, wayar nan mai faffaɗan kai da ake ɗaurewa da notuna biyu. Manhajar da ke kan tsohuwar ma ta ƙi hawa kanta, don kamfanin da ya yi ta ya kulle ta a inji ɗaya, ya rufe ƙofa ya tafi tun shekarun baya. An gwada sabuwar sau ɗaya. Lyle ya saurari abin da ta iya, ya ce a fitar masa da ita daga ɗaki.

Shi ya sa Marcy ta kirawo Tou Vang, mai gyaran da ke bayan gidan mai. Tou ya durƙusa ya haska kafar cajar da tocila, ya yi tsaki.

“Mista Brandvold, wannan ai ta girmi motata.”

Lyle ba ya gaggawar amsa. Sai an kusa manta maganar sannan tasa ta iso.

“Ita tana tashi da sanyi. Motarka fa?”

Tou ya yi dariya yana kallon kwamfutar. Marcy ta goge wa babanta gefen baki, ta gyara masa bargo.

“Baba, bar shi ya yi aikinsa.”

“Ga gaskiya,” in ji Tou. “Gyaran ba wuya. Notuna ne, zan kwance in narka dalma in maƙala kafar. Da waccan 'yar gayun ce, da sai dai kwandon shara. Amma dole in kashe ta. Kuma faifan da ke cikinta, ji ƙarar da yake yi. Irinsu in suka tsaya, ba kullum suke sake juyawa ba.”

“In ka bar ta fa?” Marcy ta tambaya.

“Ba za ta ga Asabar ba. Batirin ya mutu tuntuni. Wayar nan tana motsawa, shi ke nan.”

Lyle ya dubi gwangwanin waken. Ya dubi sabuwar da ke kwance a kwalinta kan firji. A kashe, wataƙila ta tafi. A bari, tabbas ta tafi. Babban yatsansa na dama ya ɗan motsa a ƙarƙashin bargon. A waje wani jirgin ruwan dakon tama ya busa ƙaho, Tou ya jera sukudirebobinsa yana jira.

“Marcy. Zauna.”

“Baba, mai gyaran gashi tana jirana, kuma ban ɗauko kek ba.”

“Kek ba zai gudu ba. Zauna, kai kuma Vang, cire hula. Biki za a yi.”

Ta ja kujera ta zauna. Idon Lyle na kan gilashin kwamfutar.

“Jama'a, ni ne Lyle, uban amarya. Wanda bai san ni ba bai yi asarar komai ba. Ranar da aka haifi yarinyar nan, ƙanƙara ta rufe gada, na bar mota a tsakiyar hanya na taka da ƙafa. Da na isa, nas ta miƙo min ita, ta buɗe ido ɗaya ta harare ni. Na ce, to, wannan tawa ce. Curtis, abu ɗaya zan gaya maka, kuma ka riƙe shi da kyau. Duk ranar da ta yi shiru…”

Marcy ta miƙa hannu za ta kama nasa. Gwiwarta ta taɓa ƙafar teburin. Gwangwanin ya mirgina, gilashin ya yi baƙi, fankar ta ja numfashi ta tsaya.

Lyle ya san sauran jawabin da ka, kalma bayan kalma. Yatsansa ya ci gaba da danna maɓallin da ke ƙarƙashin bargon, wanda da shi yake sa kwamfutar ta yi magana a madadinsa, ba abin da ya fito, domin tun shekarar da wata cuta ta kwantar da shi ta ɗauke masa harshe, muryar da ya naɗa kafin ta ƙare a cikin baƙar kwamfutar nan kaɗai take zaune. Wanda yake ganin ba wanda ya cuci Lyle, ya shigo ɗakin ya faɗa masa a fuska, ya tsaya ya jira amsa.