Minti Uku Kafin a Kashe Inji

Mai sayen motata ya dawo daga gwaji, ya tsaya a ƙofar gida, ya kai hannu zai kashe motar. Na buge hannun.

"Malam, injin turbo gare ta. Sai ta yi minti uku tana huci, ta huce, sannan a murɗa makulli."

Shekara goma sha ɗaya da ita nake zuwa aiki, in ajiye maiɗakina a shagon ɗinkinta, in ɗauko ta da yamma. Motar tsohuwa ce mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Maiɗakin ce ta matsa in sayar, wai gwiwarta ta gaji da durƙuso.

Tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Baban yara, wadda za ka sayo, ita ma ana jiran nan?"

"Ina! Kashewa kawai, kowa ya kama gabansa."

Sai ta zo ta buɗe wa mutumin ƙofar motar. "Bawan Allah, yi haƙuri ka fito. Mun fasa."

Na ce, "Ke da kika hana ni sakat a kan motar nan?"

"Shekara ashirin da aure, ban taɓa samun ka zaune kana saurarena ba, sai a minti ukun nan."

Mutumin ya tafi yana dariya. Muka shiga motar muka zauna, tana ba ni labarin wata mai kawo ɗinki. Can na ce inji ya huce.

Ta ce, "Bar shi. Ban gama ba."