Sarkin Makaɗa da Durumin Dandali

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wani sarkin makaɗa, dattijo mai kalangu. Duk ranar kasuwa, da an sallame azahar, yakan zauna a gindin wani tsohon durumi da ke tsakiyar dandali. A nan 'yan kama ke kwaikwayon attajirai da marowata har a riƙe ciki don dariya, a nan 'yan tauri ke gwada wuƙaƙensu, mata masu fura da ƙosai kuma su jera ƙorai, suna ciniki suna kallon wasa da wutsiyar ido. Inuwar ta ishi kowa, har da awakin da ba a gayyata ba. Abu ɗaya ne ke ci wa dattijo tuwo a ƙwarya, shi ne damina. Da wasa ya soma daɗi sai hadari ya haɗo, kowa ya kama gabansa, shi kuma ya cusa kalangu cikin riga don kada fatar ta jiƙe. Burinsa a duniya bai wuce guda ba: kafin ya koma ga Allah ya yi kiɗa a ƙarƙashin rufi, ruwa na zuba a waje, jama'a na zaune ba wanda ya motsa.

Ana nan sai labari ya zo cewa gwamnati za ta ba ƙauyuka tallafi su gina zauren wasannin gargajiya, amma sai garin da ya nuna fili a share. Filin gari kuwa ɗaya ne, dandali, ga durumi ya tsaya ƙiƙam a tsakiya. Dattijo ya bi gida gida yana lallashi har aka yarda a sare shi. Wata tsohuwa mai ƙosai ce kaɗai ta ce, "Sarkin kiɗa, a bari mu ga siminti a ƙasa tukuna mana." Ya ce, "Haba Iya, wa zai ba mu gini a kan itace?" Ranar sara shi da kansa ya rataya kalangu ya yi wa masu gatari kiɗa, kamar yadda ake yi wa manoma a gayya, yana yi musu kirari suna ƙara ƙaimi. Tsofaffi sun ce ba su taɓa jin hannunsa ya yi zaƙi kamar ranar ba. Da durumin ya faɗi har guɗa aka yi. Ma'aikata suka zo a mota, suka ɗauki hoton fili, suka yaba da himmar gari. Kuma a faɗi gaskiya, ba su yi ƙarya ba: an haƙa harsashi, an ɗora bulo, bango ya wuce kan mutum. Daga nan sai aka sauya waɗanda suka sa hannu, waɗanda suka gaje su kuma suka ce ba su san zancen ba. Rufi dai shiru, kamar an shuka dusa.

Dattijo bai karaya da wuri ba. Ya tara mutane cikin bangon nan huɗu ya ce a yi wasa haka nan. Amma bango ya tare iska, rana kuma ta sauko tsakiyar ka. Fura ta yi tsami, masu ita suka kwashe ƙoransu. 'Yan kama suka ce ba wanda ke dariya yana sharce gumi. Kasuwa bayan kasuwa taron na raguwa, har ya zama daga shi sai ƙadangaru. A lokacin ne ya gane damina wata huɗu ce kawai, sauran shekarar duk inuwa ake nema. Kewar durumin ta kama shi irin wadda ake yi wa mamaci, ga shi ba shi da bakin faɗa wa kowa, tun da shi ya yi kiɗan saran.

Wata ranar kasuwa da la'asar iska ta kawo masa amon ganga daga mutanen ƙauyen ƙetaren fadama, waɗanda aka hana tallafin, suna ta wasansu a gindin tsamiyarsu. Ya kasa kunne, ya gane hannun mai kiɗan: abokin kiɗansa ne na tun ƙuruciya, ashe duk masu taron dandali can suka koma. Ya ɗauki kalangu ya fita har bakin gari. Kunya ta hana shi ƙetarawa, zuciya ta hana shi komawa gida. Ya tsaya a rana, ya matse kalangun a hammata yana amsa musu a hankali, ba mai jin sa.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, garin neman gira an rasa ido.