Ƙullutu a Wuyan Hannun Durdi

Durdi ya miƙa hannu zai ɗauki butar shayi, sai ya cije leɓe ya sake ta. Nan uwarsa Ogulgerek ta damƙe hannun. A wuyan hannun dama ga wani ƙullutu kamar ƙwan tattabara, in ka danna ya lotsa, ruwa na motsi a ciki.

"Ba komai, Eje," in ji shi, yadda yake kiran uwar tasa, ya ja hannun riga ya rufe.

Ba komai? Ita da ta haife shi! Kafin a kawo amaryarsa Jeren gidan nan, ko ciwon kai yaron ba ya yi. Yanzu da ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, sai ya shige ɗakin amarya, a turo ƙofa, ba a ganinsa sai magariba. Ya rame, idanu sun yi ja. Rannan ma ta ga wani jan abu a ƙarƙashin farcensa.

Ita kuwa Jeren, kamar kowace amarya a ƙauyen, bakinta a rufe yake da gefen ɗankwali, ba ta magana gaban surukai. Da can Ogulgerek ta ɗauka kunya ce. Yanzu ta fara ganin baƙin ciki ne na 'yar birni mai lallausan hannu.

Abu ɗaya ya hana uwar motsi: dardumar da amarya ke saƙawa. Amaryar da ba ta iya saƙa ba, a nan ba a lissafa ta cikin mata, kuma tun ranar biki Ogulgerek ta faɗa, in ba darduma, ba zama. Ga shi kullum da rana ana jin bugun matajin ƙarfe daga ɗakin, dam, dam, da ƙarfi. Rabin da aka saƙa kuwa ya yi kyau har Ogulgerek ta kira maƙwabta su gani. Ƙullin ma irin nata ne sak, ita uwar, na zamanin da idonta ke gani, tana saƙa Durdi yana yaro a gefenta.

Ta tasa Durdi gaba har asibitin birnin Mari. Likita, wani dattijo mai tabarau, ya haska ƙullutun da fitila, hasken ya ratsa.

"Abubuwa da yawa kan kawo irin wannan, Inna. Maruru ne in ya tara mugunya, amma wannan ba zafi a jikinsa. Akwai cizon ƙwaro, akwai buguwa. Akwai kuma ruwan gaɓa, ya taru don hannu ya sha aiki iri ɗaya. Na fi zaton shi ne. Ya huta da hannun."

"Wane aiki? Ɗana alli kawai yake riƙewa!"

Likita ya dubi Durdi, Durdi ya dubi ƙasa.

A mota ta gama yanke hukunci. Ba cizo, ba buguwa, ba aiki. To me ya rage in ba abin da ake ba shi a bayan ƙofa ba? Darduma ko ba darduma, gobe yarinyar nan za ta koma gidan ubanta.

Washegari bayan azahar bugun ya soma. Ogulgerek ta cire takalmi, ta lallaɓa, zuciyarta na tafasa. Jeren na cikin saƙa, ita kuwa za ta binciki akwatin yarinyar a gabanta, ta fito da ko mene ne. Ta banka ƙofar.

Jeren ta miƙe zumbur daga bakin taga, hawaye a fuska, jan zare a hannu tana ta ƙoƙarin koyon ƙulli. A kan abin saƙa kuwa, durƙushe, da matajin ƙarfe a kumburarren hannunsa, Durdi ne.