Rantsuwar da Orpha Ta Ƙi Yi

Da bindigar soja ta tashi a tsakar rana, kowa ya afka kogi ya nufi arewa. Orpha Gaddis kaɗai ta karkata alfadarinta, ta bi gaɓa yamma.

Shekarar 1889 ke nan, ranar da gwamnati ta buɗe tsakiyar Oklahoma, ƙasar da ta ce ba ta da mai ita. Ƙa'idar ba wuya: a jeru a kan iyaka, a ji bindiga, a ruga. Wanda ya fara kafa turke a fili, nasa ne. Wanda ya saci jiki ya shiga kafin bindiga, in an gano, ya rasa komai. Yau mutanen Oklahoma har a gaban riga suke buga sunan 'yan satar shigar nan, wai abin alfahari. A lokacin zagi ne. Jajayen Indiyawa kuwa ko layin ba a sa su ba. Suna can kan tudu a zaune, suna kallo.

Orpha bazawara ce. Mijinta, wani maƙerin Kansas, ya mutu ya bar mata alfadari da garma da sunansa. Ko rana na ƙuna ba ta cire malafarta da safar hannu. Ba ta iya karatu ba, amma ba a taɓa cutarta a ciniki ba.

Masu dawakan tsada suka maƙale a yashin kogin, suna duka suna ashar. Ita ta je inda gaɓar ta lanƙwasa, ta ƙetare a kan dutse, ruwan ko cikin alfadarin bai taɓa ba. Ta wuce filaye masu baƙar ƙasa ba ta ko waiwaya ba, har ta gangara wani kwari. Akwai idon ruwa ɓoye a ƙarƙashin wani falalen dutse, da tsofaffin itatuwan tuffa uku a jere. Nan ta kafa turkenta. Sai ta durƙusa gindin itacen tsakiya, inda wasu duwatsu suke a tare, ta fara cire ciyawa da hannu.

Haka Lemuel Strack ya same ta. Ƙato ne mai jan gemu, dokinsa fari fat da kumfa amma ko haki ba ya yi. Da iska ta juyo, Orpha ta ji ƙanshin sabulu: kumfar ba ta gudu ba ce, shafa ta aka yi.

"Baiwar Allah, kin yi ɓatan kai. Wurin nan nawa ne."

"Ga turkena. Ina naka?"

"Da wannan jakin kika riga ni? Ko fukafukai gare shi?"

"Nawa da ƙafafunsa ya zo. Naka na ga daga wanka yake."

Strack ya kai ƙara, wai ta saci shiga kafin bindiga. Kafin a kira shari'ar, Orpha ta yanka ƙasa da ciyawarta ta gina ɗaki, ta shuka masara. Matan maƙwabta sukan zo ɗibar ruwa, ba ta hana su. Su kuma su koma suna gulmar kunun masararta da take dafawa da ruwan toka, wai wane irin mutum ne ke cin wannan.

Ranar shari'a tantin jami'in rabon filaye ya cika. Strack ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse shi bai saci shiga ba, ko ƙifta ido bai yi ba. Da Orpha ta ambaci sabulu aka yi dariya, har da jami'in. Sannan Strack ya kawo shaidu. Sun gan ta, ba ta yi dube-dube ba. Ta san mashigin dutse. Ta san ruwan da ko masu awon gwamnati ba su gani ba.

Jami'in ya tura mata Littafin.

"Matar Gaddis, abu ɗaya ne. Ki rantse ƙafarki ba ta taɓa taka wurin nan ba kafin bindiga, filin ya zama naki."

"Ranka ya daɗe, a layi na tsaya. Kowa ya gan ni."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan. In ba ki taɓa zuwa ba, wa ya nuna miki hanya?"

Ta dubi Littafin, ta dubi mutane. Rabin masu rantsuwar ranar ƙarya suka yi, kuma sun kwana a filayensu. In ta faɗi yadda ta san hanyar, ita ma ta san abin da doka ta ce. Ta naɗe hannuwanta a ƙirji ta ƙi taɓa Littafin.

Aka ba Strack filin, da ɗakin, da masarar da ta fara bunƙasa.

Da ta je kwashe kayanta, ta same shi yana auna gindin itatuwan da taku, zai yi wa aladu shinge. Matar da ba ta taɓa sassauta wa kowa ko ƙwai ɗaya ba ta ce masa:

"Mista Strack, ka ɗauki garmar. Ka ɗauki alfadarin ma. Duwatsun nan kawai za ka bar su yadda suke."

"Alfadari a kan duwatsu? Zinariya kika binne ne?"

"Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya yarda yana dariya, ya karɓi igiyar. Ta ɗora ƙullin kayanta a ka ta kama hanya a ƙasa. Ba ta gama hawa tudu ba ta ji ƙarar dutsen farko da ya wurga cikin kwari. Ba ta juyo ba.

A ƙarƙashin duwatsun nan uwarta ce kwance, 'yar ƙabilar Creek ta Jajayen Indiyawa, wadda ta dasa itatuwan a shekarar da ta haifi Orpha a bakin wannan ruwan, tun kafin gwamnati ta tashe su ta ce ƙasar ba ta da mai ita.