Aljihu a Hagu

Tsohon telan ya sake zuwa da lemo. Ya zauna a kujerar da ke gefen gadon Malama ba tare da an ce masa bismillah ba, ya ɓare, ya tsince zaren nan fari tas, ya miƙa mata. Ta karɓa. Ba ta son zaren, amma ba ta ga dalilin yi wa mutum godiya don ya yi dace ba.

Malama ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da falsafa a jami'a. Yanzu ga ta a gidan jinyar tsofaffi, saboda ƙugu da ya ƙi ɗoruwa, in ji ta. Tana ganin kowa a gidan jahili ne, telan kuwa shi ne limaminsu.

Labarinsa ɗaya ne kullum. Matarsa na nan gidan, ciwon mantuwa ya cinye ta, ko sunansa ba ta sani ba. Malama ta yanke cewa ita ce ta ɗakin ƙarshe, mai yi wa bango hira. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ba ta taɓa ganin ya leƙa ɗakin ba. Mai ƙaunar baki kenan, ya wuni a gaban wata yana kukan wata.

Yau kuwa da magana ya zo. 'Yarsa ta sami aiki a wani gari mai nisa, ta rantse ba za ta bar shi shi kaɗai da hawan jini ba. Tana waje cikin mota, jakarsa na but. In ya tafi, sai dai ya riƙa zuwa sa'i da lokaci.

"Malama, ke kika yi karatu. In tafi?"

Ta gyara zama. An daɗe ba a kawo mata ɗalibi ba.

Ta fara daga tushe. Mutum ba nama da ƙashi ba ne, ta ce, mutum shi ne abin da ya gani, ya ji, ya riƙe. In wannan ya zube, saura buhu. Alkawari kuma tsakanin mutum biyu ake ƙulla shi, in ɗaya ya gushe igiya ta tsinke da kanta. Ba laifi, ba cin amana.

"Amma tana dariya irin ta da," in ji shi. "Har harara ba ta canza ba."

"Kai dai Allah ya sawwaƙe maka. Gida ne masu shi suka tashi, kai kana tsaye kana ta sallama don labulen bai canza ba. Wannan ba ƙauna ba ce, malam, tsoron zaman kaɗaici ne ka ɗinka masa babbar riga."

Ya kalli hannunsa. Ita kuwa ta zura hannu a aljihun rigarta ta ciro hankici ta goge ruwan lemon. Rigar na burge ta. Bahaguwa ce, kuma wanda ya ɗinka ya sa aljihun a hagu, daidai inda hannunta ke faɗawa. Aikin tela mai kai, ba irin wannan ba.

"Tashi ka bi 'yarka," ta ce. "Wadda kake gadi ba ta san kana yi ba."

Ya miƙe, ya gyara mata matashi, ya fita.

Ta taga ta bi shi da ido, ranta fes, ta ci gardama. Ta ga wata mata ta fito daga mota da kumburarrun idanu. Ta ga tsohon ya buɗe but, ya sauke jakarsa ƙasa. Malama ta ja tsaki. An yi wa jaki karatu.

"Baba, me ta ce?" in ji 'yar.

"Ta ce in tafi."

"To, jakar fa?"

Ya rataya ta a kafaɗa, ya ɗaga wa tagar hannu.

"Tun da na auri mamanki ban taɓa cin ta a gardama ba, ban kuma taɓa yin abin da ta ce ba."