Gwanayen Jefawa Biyar

"Maki sha tara kacal a rabin wasa!" Kocin ƙwallon kwando na wata jami'a ya maka allonsa da ƙasa. In aka sha kashi yau, aikinsa ya tafi. "Ku biyar na kwaso daga wasu makarantu, kowa gwanin jefawa. Uban wa ya hana ku miƙa wa juna?"

Dogon cikinsu ya share zufa. "Koci, a bidiyonmu da ka kalla, ka ga muna miƙawa?"

Kocin ya fizgo waya yana huci, ya sake kallo. Ƙwallo sai faɗawa raga take. Amma a gefen kowane hoto akwai hannun wani yaro yana miƙo ta, an yanke fuskarsa. Masu hannayen nan, ko ɗaya bai ɗauko ba.